Manhajarmu tana tsayawa ranar kasuwa, kuma ina jin nauyin faɗa wa Yayana dalili

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Ni da Yayana, ɗan wan mahaifina, muka rubuta wa wani Alhaji mai sayar da wake da aya da gyaɗa manhajar intanet wadda yaransa ke shigar da ciniki a shaguna uku. Yaya ne ya koya mini aikin, kuma a gidansa nake ci nake kwana tun ina karatu. Da yaren kwamfuta na Python muka rubuta ta, bayanan suna cikin rumbun bayanai na PostgreSQL, a kan sabar haya, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, mai ƙwaƙwalwar sarrafawa biyu. Sassa huɗu gare ta: ciniki, mangaza, bashi da rahoto. Duk Litinin da Juma'a, da hantsi ya dubi ludayi sai ta tsaya, rumbun bayanai ya ce masu shiga sun yi yawa, sai mun kashe mun kunna. Yaya ya ce mu ɗaga iyakar layukan haɗi da rumbun zuwa 500, mu ce Alhaji ya ƙara kuɗi a kama babbar saba. Ni kuwa na duba na ga kowane sashe yana da tasa taskar layuka ta SQLAlchemy, kayan aikin da ke haɗa Python da rumbun, haka Yaya ya tsara tun farko, ga Gunicorn, mai kunna manhajar a kan saba, yana tayar da ma'aikata 5, wato kwafin manhajar biyar, kowane da zare 8, ma'ana yana iya riƙe aiki takwas a tare. Har sau biyu kwamfuta ta nuna buhunan da suka fi na cikin mangaza yawa, Alhaji ya fara zargin mai tsaron mangazar. Ina ganin daga tsarin ne, amma bakina ya yi nauyi. Me zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ka ajiye a ƙarshen wasiƙarka shi ya fi tsaya mini a rai, wato wannan bawan Allah mai tsaron mangaza. Tsayawar manhaja asarar awa ɗaya ce ko biyu. Mutumin da aka fara yi wa kallon ɓarawo a kasuwar Maradi kuwa, ko an wanke shi daga baya sai ya daɗe yana jin raɗaɗin. Ina da yaƙinin matsalolin nan biyu uwarsu ɗaya, kuma ka riga ka gano ta. Bari mu bi lissafin tare domin in ka tashi magana ka yi ta da ƙafa biyu a ƙasa.

Layi tsakanin manhaja da rumbun bayanai abu ne mai tsada. Kafin a buɗe shi sai an yi gaisuwa ta hanyar sadarwa, an duba suna da kalmar sirri, sannan PostgreSQL ya tayar da ma'aikaci sukutum na wannan layin shi kaɗai, da nasa kason memwar. Shi ya sa aka ƙirƙiro taska: a buɗe ƴan layuka a ajiye, mai buƙata ya ara, ya gama ya mayar, na bayansa ya ɗauka. Kamar guga ne a rijiyar gidan yawa. Bakin rijiyar yana da iyakar igiyoyin da zai ɗauka, kuma a PostgreSQL iyakar da yake zuwa da ita 100 ce. Uku daga ciki an keɓe wa babban mai kula da rumbun, saura 97 ke nan na manhaja.

To, taskar SQLAlchemy in ba a taɓa saitinta ba tana riƙe layi 5 a buɗe, in aiki ya matsa ta ƙaro 10 na wucin gadi. Ku kuma taskoki huɗu gare ku. Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne, kowane ma'aikacin Gunicorn gidan kansa ne, ba ya ganin taskar ɗan'uwansa, saboda haka huɗun nan sai ka ninka su sau biyar. Taskoki 20 ke nan a kan rijiya ɗaya. In kowace ta cika biyar ɗinta ta zauna, ko babu wanda ke sayen komai, layi 100 sun tafi, alhali 97 aka ba ku. A takarda ma suna da izinin kaiwa 300. Ranar Talata ko Laraba ba ku ganin komai don taska ba ta buɗe layi sai an nema, kuma ciniki ɗaiɗai ne, kowace na riƙe da ɗaya ko biyu. Litinin da Juma'a, da mutanen Tibiri da Madarumfa da Gidan Rumji suka sauka, ga masu lodi zuwa Jibiya suna gaggawa, shaguna uku na bugawa lokaci guda, sai taskokin su cika su ƙi sakin abin da suka riƙe. Kashewa da kunnawar da kuke yi zubar da su ne kawai a sake daga fari. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ranakun da yake tsamin ma sun isa su nuna maka inda za ka duba.

Yanzu ga inda buhunan suka shiga. Ciniki guda a manhajarku yana taɓa sassa uku: a rubuta kuɗi, a rage kaya daga mangaza, in da saura a rubuta bashi. Tunda kowane sashe daga taskarsa yake ara, cinikin buhu goma na wake yana cin layi uku. Zare 40 gare ku gaba ɗaya, in kowane ya kama uku an kai 120. Wannan ma da sauƙi. Babbar illar ita ce, rumbun bayanai yana da wani alkawari da yake yi, cewa ayyukan da ka ɗaure cikin ƙulli ɗaya ko dai su shiga duka ko kada ko ɗaya ya shiga, amma ƙullin nan a kan layi ɗaya yake rayuwa. Ba ya tsallakawa daga wannan layi zuwa wancan. Saboda haka sashen ciniki ya rubuta kuɗi ya buga hatimi, wato ya tabbatar da shi a rumbu, sashen mangaza ya je neman layi aka ce babu, manhaja ta faɗi. Yaron shago ya karɓi kuɗi, an ɗora buhu goma a amalanke sun fita, kwamfuta kuwa har yanzu tana ƙirga su a ciki. Ranar da Alhaji ya sa aka ƙirga, sai a ga goma babu, kuma mutum ɗaya ne ke riƙe da makulli.

Wannan abu ne da za ka iya tabbatarwa yau da dare, ba sai ka jira kowa ba. Jero duk cinikin da aka rubuta wanda babu ragin mangaza da ya yi daidai da shi, ka ɗauki ranarsa da sa'arsa, ka aza su kusa da rajistar kurakuran sabar. In lokutan sun faɗo a hantsin Litinin da Juma'a, kuma jimillar buhunan ta yi daidai da abin da aka ce ya ɓata, ka samu hujjarka. Ka duba har da cinikin da ya shiga sau biyu, don yaron da ya ga allo ya nuna kuskure yakan sake bugawa.

Maganar ɗaga iyaka zuwa 500 kuwa, zan faɗa maka ra'ayina ba tare da kwana-kwana ba: ban yarda da ita ba. Saƙon kuskuren zai ɓace na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne. Amma injin mai ƙwaƙwalwa biyu abu biyu yake yi a lokaci guda, ko layi nawa ka buɗe masa. Sauran suna tsaye ne suna cin memwar, injin kuma yana ɓata ƙarfinsa wajen juyawa daga wannan zuwa wancan. Kowace tambayar da aka yi wa rumbu mai jera bayanai tana da izinin cin megabayit 4 a kowane mataki na jerawar, ka ninka wannan da ɗaruruwa ka gani. Masu PostgreSQL suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna bayarwa a matsayin mafari: a ninka ƙwaƙwalwar injin sau biyu a ƙara yawan faifan ajiya, shi ne adadin layukan da ya dace su kasance cikin aiki a tare. A injinku wajen 5 ke nan. Injiniyoyin Oracle sun taɓa nuna gwajin da suka rage layuka daga 2048 zuwa 96, lokacin amsa ya sauko daga wajen milisakan 100 zuwa wajen 2, ba su canza komai ba sai wannan. HikariCP, taskar da masu rubutu da yaren Java suka fi amfani da ita, da layi 10 kacal take zuwa. Sannan ko an kama sabar da ta fi kowace girma, ciniki zai ci gaba da tafiya a kan layi uku, duk ranar da wani abu ya katse a tsakiya lissafi zai sake karkacewa.

Gyaran bai kai girman da kake tsoro ba. A fayil ɗaya za a ƙirƙiri taskar, sau ɗaya, lokacin da ma'aikaci ke tashi, sassan nan huɗu kuma a cire musu ikon ƙirƙirar tasu. In buƙata ta shigo daga shago, a ari layi ɗaya a buɗe zama a kansa, a miƙa wannan zaman ga sashen ciniki, shi ɗin dai a miƙa wa mangaza, shi ɗin dai a miƙa wa bashi. Babu sashen da zai buga hatimi da kansa. Sai duka ukun sun gama a buga sau ɗaya a ƙarshe, in ɗaya ya gaza a warware duka, sannan a mayar da layin ko an yi nasara ko ba a yi ba. In da Flask kuke aiki, wato kayan gina manhajar intanet da Python, ƙarinsa mai suna Flask-SQLAlchemy yana buɗe zaman ya rufe shi da kansa a ƙarshen kowace buƙata. Girman taskar kuma ku fara da 5 na zaune da 3 na ƙari. Takwas ke nan, daidai da zaren kowane ma'aikaci, jimilla 40 a ranar da kasuwa ta fi cika, 25 a sauran ranaku. Kun bar fili mai yawa ga kwafin ajiya na dare da kuma ku kanku in kuna son leƙawa. Bayan mako biyu in kun auna kun ga ba a kaiwa nan, ku rage.

Sai dai ka kiyaye wani rami da masu gudun wannan matsala ke faɗawa. Taska ake tarayya a kanta, layin da aka ara kuwa na mai aron ne shi kaɗai har ya mayar. Na sha ganin wanda ya ji an ce a haɗa, sai ya buɗe layi guda ya ajiye a saman kod kowa na amfani da shi. Zare biyu suka hau layi ɗaya, ƙullin wannan ya cakuɗe da na wancan, warwarewar ɗaya ta share cinikin ɗaya. Irin wannan cakuɗewar tana zuwa ta wata ƙofa ma: in kun sa Gunicorn ya loda manhaja kafin ya haifi ma'aikatansa, kuma an riga an buɗe layi a lokacin, duka biyar za su gaji layin guda. Ko dai kada a taɓa rumbun kafin haihuwar, ko kowane ma'aikaci ya watsar da taskar da ya gada ya fara sabuwa da zarar ya tashi.

Akwai kuma ɗabi'ar riƙe guga ana hira. In manhajarku tana tura wa mai bashi saƙon waya ko tana jiran amsar wani kamfanin tura kuɗi, kada ta yi wannan jiran da layi a hannu. Ka san yadda rezo yake yi mana wani lokaci, jiran daƙiƙa ɗaya ya koma ashirin. A gama da rumbu, a mayar da layi, sannan a tura saƙo. Layin da aka bari da ƙulli a buɗe ya fi wanda ke zaune kawai illa, don yana riƙe da makullan jerin da ya taɓa, wani shagon da ke son rage waken nan sai ya tsaya jiransa. Tun fitowar 9.6 a 2016 PostgreSQL yana da saitin da ke yanke irin wannan layin in ya wuce lokacin da ka ɗiba masa, amma a kashe yake zuwa, sai ka kunna. Ni kaina na taɓa yi wa wani ofishi aiki inda na mayar da layi a hanyar nasara na manta da hanyar kuskure. Duk wanda ya buga kalmar sirri ba daidai ba, layi ɗaya ya tafi ke nan ba dawowa. Kwana uku-uku manhajar take yi ta suma, ma'aikatan wurin suna ta ba mutane haƙuri a kan abin da ba su suka jawo ba, kuma na ɗauki makonni kafin na gano. Tun daga nan ba na rubuta aro sai a cikin shingen kod da ke mayar da layin da kansa. Ku kuma kunna saitin SQLAlchemy mai ƙwanƙwasa layi kafin ya ba da shi, don in an sake tayar da rumbun, layukan da ke taska matattu ne ba su sani ba.

Wani zai ce maka ku sa PgBouncer, ƙaramar manhajar da ta fito daga kamfanin Skype, wadda ke zama tsakani ta karɓi ɗaruruwan layuka ta tura su ta ƴan kaɗan. Kayan aiki ne mai kyau, ranar da sabobinku suka zama uku ko huɗu za ku neme shi. Yau bai zama dole ba, kuma ba zai haɗa muku ƙulli uku su zama ɗaya ba.

Yanzu Yayanka. Kafin ka je masa, ka fahimci abin da ya sa ya yi haka, don ba wauta ba ce. Ya so kowane sashe ya tsaya da ƙafarsa, a iya gyara ɗaya ba a taɓa ɗaya ba, kuma lokacin da shago ɗaya ne tsarin ya yi aiki lafiya. Akwai ma wurin da tunaninsa ya fi dacewa har gobe, wato sashen rahoto. Lissafin wata guda yana iya riƙe layi minti ɗaya ko fiye, in Alhaji ya buɗe shi a tsakiyar kasuwa zai iya cinye rabon masu ciniki. Wannan sashen ya cancanci ƴar taskarsa daban, layi biyu, da iyakar lokacin da tambaya za ta ɗauka. Ka ga ke nan ba rushe ginin Yaya za ka je yi ba, sassa uku za a haɗa, na huɗun ya zauna yadda ya ajiye shi. Ka faɗa masa wannan, don gaskiya ne.

Kada ka tayar da maganar a gaban Alhaji, ko a gaban matarsa, ko a lokacin da manhaja ta tsaya waya na ta ƙara. Ka bari bayan sallar isha'i, an ci tuwo an ɗora shayi, ka ɗauko kwamfutarka ka ce, Yaya, ga wani lissafi na yi, ina so ka duba mini ko na yi daidai. Sai ka nuna masa huɗu sau biyar sau biyar, ka yi shiru. Mutumin da ya koya maka aikin nan zai ga 100 ɗin kafin ka rufe baki. In yana son gani da ido, ku sa wa kowace taska sunan sashenta a saitin haɗi, ranar Juma'a da hantsi ku shiga da asusun babban mai kula, layuka ukun nan da aka keɓe don irin wannan rana aka keɓe su, ku buɗe pg_stat_activity, jadawalin da PostgreSQL ke nuna layukan da ke buɗe. Za ku ga kowane layi da sunan mai shi da abin da yake yi, kuma za ku ga yawancinsu zaune suke ba sa komai yayin da yaran shago ke jira. Gani ya kori ji. Kalmar "kuskurenka" kada ta fito daga bakinka, ka ce tsarinmu, don kai ma da hannunka a ciki, ka yi watanni kana rubutu a kansa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ina kyautata zaton wanda ya ciyar da kai ya koya maka sana'a zai ji daɗi ya ga koyarwar ta kama.

Nauyin bakin da kake ji tarbiyya ce, ban raina ta ba. Amma ka auna abin da shirunka zai saya. Za a karɓi kuɗin Alhaji kowane wata a kan maganin da kai ka san ba na ciwon ba ne, wannan haƙƙi ne. Manhajar za ta sake karkatar da lissafi, ranar da wani daga waje ya zo ya gano dalili sunan Yaya ne zai zube, ba naka ba. Mai tsaron mangaza kuma yana kwana da zargi. A kan wannan na ƙarshen ba ka da damar jinkiri. Da zarar jerin cinikin nan ya tabbatar da abin da muke zato, ku je wurin Alhaji ku biyu, Yaya ya yi magana don shi ne babba, ku nuna masa buhu nawa, wace rana, wace sa'a, ku ce daga manhaja ne kuma kun gano gyaransa, ku roƙe shi ya kira mutumin ya wanke shi a gaban waɗanda suka ji zargin. Alhazan kasuwa sun san kaya na lalacewa, abin da ba sa yafewa shi ne a ɓoye musu. In Yaya ya nuna yana son a gyara a yi shiru, ka ba shi kwana biyu ya huce, sannan ka gaya masa cikin ladabi cewa maganar taska za ka bi duk yadda ya ce, amma maganar mutumin nan ba za ka iya haɗiye ta ba. In ta kai ga haka, ka nemi mahaifinka ko baffanku ya zauna da ku.

Aikin kansa kada ku taɓa shi daren Lahadi ko daren Alhamis, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ɗauki kwafin rumbun tukuna, ku gwada sabon tsarin a kansa, ku katse ciniki da gangan a tsakiya ku tabbatar kuɗin ma bai shiga ba. Daren Talata ku ɗora, Laraba da Alhamis ku sa ido, ku gyara ragin mangazar da ya ɓace da hannu ɗaya bayan ɗaya Alhaji yana gani. Ranar Juma'a ka zauna gaban allo daga ƙarfe tara har a tafi masallaci, kana rubuta yawan layuka duk bayan minti goma. Ka aiko mini da adadi mafi girma da ka gani, ka kuma gaya mini yadda aka ƙare da mai tsaron mangazar.